Bula a Ɗakin Inna

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun sassafe, ku sarara min haka nan. Ke kuma da kika ce za ki zo har gida ki ƙwace wayar ki rubuta da kanki, na ga saƙonki, na kuma sa sakata.

Wanda ya shigo yanzu ya matso kusa. Malamar firamare ce, unguwa ta laƙaba mata Mai Shebur. Shekara uku ke nan tana jan 'yan sa kai suna yashe lambatu duk Asabar, tun daminar da ruwa ya ci 'yar Tela. Yanzu tana neman kujerar kansila, saura kwana huɗu zaɓe. Lambatun unguwar yana kutsawa ƙarƙashin layin gidaje ashirin da biyu, ya toshe a wani wuri da ba wanda ya sani. Ita ta kawo dabara: a dama bula, a tura ta da tankar ruwa daga sama, gidan da shuɗi ya ɓullo shi ne. Ita ce kuma ta tsaya gaban jama'a da lasifika ta ce duk ginin da aka samu a kan hanyar ruwa sai an shafa masa jan fenti an rushe shi, "ko da ɗakin uwata ne." Aka yi ta tafi.

Yau da safe aka tura bular.

*

Batir kawai ta zo ɗauka.

Lasifikar ce ta mutu mata tana tsakiyar magana a ƙofar gida na huɗu. Ta bar jama'a suna leƙa tsakar gidan mutane, ta kutso nasu gidan da sauri, takalman roba fal laka, mayafi ɗaure a ƙugu.

"Inna! Ina batiran nan da na bari a kan firij?"

Shiru.

Abin ya ɗan tsayar da ita. Inna ba ta san shiru ba. In ba ta faɗa da rediyo, tana faɗa da kaji, in kaji sun tsere ta koma kan duk wanda ya gifta. Yau rediyon a kashe, ƙofar ɗakinta a saye, sai wata ƙara da ke fitowa a hankali, irin ta matse tsumma a bokiti.

Ta tura ƙofar.

Inna ce durƙushe a ƙasa. Innar da ta shekara biyu tana salla a kan kujera saboda gwiwa, ita ce a kan gwiwoyinta gefen gado. Tana ganinta ta mai da hannuwanta baya, kamar ɗalibar da aka kama da takardar satar amsa.

"Me kike yi a ƙasa?"

"Ruwa ne ya zube."

"Wane ruwa?"

"Na buta."

"Inna, butar ce ke zubar da shuɗi?"

Ba ma sai Inna ta tanka ba. Ga shi nan yana tsattsafowa ta wata tsaga a siminti, daidai ƙafar gado, yana kumfa ƙanana-ƙanana, yana malala zuwa bakin ƙofa. Malama ta san shuɗin nan. Da hannunta ta dama shi ɗazu a cikin duro, har tana yi wa mai tanka tsiya wai kada ya sha.

Ta zube a gefen gado.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Rufe ƙofar, Auta."

"Gidanmu ne. Inna, gidanmu ne!"

"Na ce ki rufe ƙofar, kina ɗaga murya."

Ta tashi ta rufe. Sai da ta juyo ta jingina da ƙofar idonta ya fara ganin ɗakin sosai. An naɗe darduma an ɗora a kan sif. An ja gadon daga jikin bango. Bokiti biyu, tsummoki sun fi biyar, a jere, wasu ko jiƙewa ba su yi ba. Ta tuna jiya da yamma Inna ta tambaye ta har sau uku ƙarfe nawa tankar za ta zo. Ita kuwa sokuwa, har daɗi ta ji wai yau Inna ta damu da aikinta.

"Wa ya naɗe miki dardumar?"

"Ni."

"Yaushe?"

"Ke wai alƙaliya ce?"

"Yaushe, Inna?"

"Tun jiya."

Wayarta ta ɗauki ƙara a aljihu. Tela ne. Ta danne.

"Ba ki yi mamaki ba," ta ce a hankali. "Kin san zai fito. Kin ma san ta inda zai fito."

Kafin Inna ta buɗe baki aka turo ƙofar da kafaɗa, har ta bugi bayan Malama.

"Inna, na samo mai saurin kamawa, minti goma ya..."

Yayanta ne, magini, rabin buhun siminti a kafaɗa, cokalin gini soke a aljihun baya. Rigar da ke jikinsa mai hotonta ce, ita da shebur ɗinta, an rubuta *A Zaɓi Mai Aiki*. Shi ya manna rabin fastocinta a unguwar nan. Ya ganta, maganar ta maƙale masa. Ya sauke buhun kamar mai ajiye ƙwai.

"Auta... ai na ce kina can wajen aikin."

"Ina can. Ga shi aikin ya biyo ni gida."

"Bari in yi miki bayani."

"Simintin na mene ne?"

"Zauna tukuna."

"Ba zan zauna ba! Simintin na mene ne, Yaya?"

Ya kalli Inna. Inna ta kalli bokiti.

"Faɗa mata," in ji Inna. "Na gaji. Wallahi na gaji."

Ya share gumi da gefen rigar, daidai kan fuskarta da ke jiki.

"Kin tuna lokacin da aka gina ɗakin nan?"

Ina za ta manta? Shekara goma sha ɗaya. Baba na kwance a asibiti, likita ya ce kada a mai da shi tsohon ɗakinsa mai damshi. Ita ta tsaya kai da fata aka yi sabon ɗaki a filin bayan gida. Abin alfaharinta ne. Har a taron siyasa ta taɓa faɗa, wai wadda ta gina wa iyayenta ɗaki ba za ta kasa gina unguwa ba.

"Ranar da muka fara haƙa tushe," in ji Yaya, "diga ta bugi kwalbati. Tsohuwa ce, a binne, ta ratsa filin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na leƙa da tocila. Busasshiya ƙayau, sai ɓeraye da ledoji. Na ce wannan ta mutu tun zamanin kakanni."

"Sai ka yi me?"

"Bango ba zai zauna a kan rami ba, Auta."

"Sai ka yi me?"

"Na cika ta da duwatsu. Na zuba kankare."

Ta runtse ido.

"Ba ka faɗa wa kowa ba."

"Na faɗa miki!"

"Ƙarya kake yi!"

"Na kira ki kina asibiti. Na ce mun ci karo da matsala a ƙasa, aikin zai ƙara wata guda. Me kika ce min? Tuna. Kika ce, 'Yaya, ban san wata matsala ba, sati biyu za a sallami Baba, ka yi duk yadda za ka yi.' Haka kika ce ko ba haka ba?"

Haka ta ce. Abin haushin ke nan, ta tuna sarai. Tana tsaye a barandar asibiti da kwanon wanke hannu, ranta a ɓace, ko tambayar wace irin matsala ce ba ta yi ba.

Daga waje hayaniya ta ƙara matsowa. Wani ya ɗaga murya: "Gida na shida babu! A wuce na bakwai!"

Nasu ne na tara.

"Shekara takwas ba abin da ya faru," Yaya ya ci gaba. "Ruwa kan taru ya janye. Sai waccan daminar. Ina kwance na ji ana ihu a layin su Tela, ruwa ya dawo baya ya haura ƙofofi. Tun kafin in fita na sani. Wallahi tun kafin in sa takalmi na san daga ina ne."

"Shekararta biyar," in ji Malama. "Biyar, Yaya."

"Kina tsammani na manta?"

"Ka yi mata salla. Na gan ka a sahun gaba."

Ya juya fuskarsa bango.

Ta waiwayo kan Inna, wadda ta samu ta dafa gado ta zauna, shuɗin hannuwanta har gwiwar hannu.

"Ke kuma tun yaushe?"

"Kwana uku da rasuwar yarinyar. Ya shigo nan ya kifa kai a cinyata yana kuka kamar yaro. Me kike so in yi? In kama hannunsa in kai shi ƙofar Tela? A ranakun nan da an yi gunduwa-gunduwa da shi."

"To bayan nan fa? Shekara uku, Inna! Shekara uku ina shiga kwata har gwiwa. Gilashi ya yanke ni, na kwanta zazzaɓi sau nawa. In dawo ina wari ki ɗora min ruwan wanka, ki ce Allah ya yi albarka. Ashe abin da nake nema kina kwana a kansa."

"Ina kwana a kansa, amma ban ce miki ina barci ba."

Inna ta miƙa hannu ta ja ƙofar sif. Kaya ne a ninke tun daga ƙasa har sama, riguna da zannuwa, sababbi fil, wasu da alamar allin ɗinki a jiki.

"Kina ta yi min tsiya wai na tsufa da son gayu. Duk wata sai na kai wa Tela ɗinki. Kin taɓa ganin na sa ko ɗaya? Ba na iya sa su. In na ɗaura sai in ji kamar ƙaiƙayi. Amma ban san wata hanyar da zan shiga shagon bawan Allahn nan in gaishe shi ba."

Haushi Malama take ji, tausayi take ji, kuma ta rasa wanne za ta fara ajiyewa.

Wayar ta sake ƙara. Ta sake dannewa.

Yaya ya durƙusa ya fara kwance bakin buhun.

"Saurare ni, Auta. Ba lokaci. In na toshe tsagar nan, Inna ta goge, a mai da gado a shimfiɗa darduma, ba wanda zai gani. Ki ce musu dabarar ba ta yi ba, ruwa ya bi wata hanya."

"In yi ƙarya."

"Kwana huɗu kawai! Ki ci zaɓen. Kina hawa kujera ni da kaina zan fasa tsakar gidan nan in kewaya da ruwan, da hannuna, ba sai kowa ya ji ba. Lambatu ya buɗe, ɗakin Inna na nan, kowa ya huta."

"Tela fa?"

"Sanin zai dawo masa da ita ne?"

"Yaya!"

"To faɗa min! In kika fita kika faɗa, wa zai zaɓe ki? Za a ce shekara uku tana wasa da hankalin mutane, ta san komai. Wancan mai tumbin, kansila mai ci, ya koma kujerarsa, shi da ko warin kwata bai sani ba. Damina saura wata biyu. In ruwa ya sake cin wani ɗan, wa ya jawo? Gaskiyarki?"

Kun ga inda abin yake da ciwo? Da maganar banza ya yi, da ta ji sauƙi. Amma akwai ƙamshin hankali a cikinta, shi ya sa ta fara zagaye ɗakin, daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, takalmanta na barin sawu shuɗi a siminti.

"Gida na bakwai babu!"

"'Ya'yana huɗu," in ji Yaya ƙasa-ƙasa. "Babbar na ajinki."

"Kada ka sa yaran a ciki."

"Suna ciki ko ban sa su ba."

Inna ta shafa katifa da bayan hannu, don kada ta ɓata zanin gado.

"A nan ubanku ya cika, Auta. Kansa a nan, ƙafarsa a can. Ya ce min, 'Yarinyar nan ta yi mana ɗaki mai iska.' Ranar da kika riƙe abin maganar nan kika ce ko ɗakin uwarki ne, ina zaune a nan ina jiyo ki ta taga. Mutane na tafi, ni ina riƙe da ƙirjina."

"Ai ban sani ba, Inna."

"Na san ba ki sani ba. Yanzu kin sani. Ni ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ne, ba ta taɓa ba. Ko ciwon gwiwar sai da maƙwabciya ta tona.

Malama ta durƙusa gabanta, gwiwoyinta cikin ruwan, ta kama hannuwan nan shuɗaye. Sanyi ƙalau.

Aka buga ƙofar gida.

"Salamu alaikum! Malama tana ciki?"

Muryar Tela.

Yaya ya dafa leɓensa da yatsa. Ya riga ya zuba siminti a ƙasa yana kwaɓawa da ruwan bokiti, kwaɓin ya fito wani iri, toka-toka mai shuɗi.

"Je ki," ya raɗa. "Ki tsayar da su minti goma. Don Allah, Auta. Don darajar Baba."

Ta fita. Ba ta san yadda ta ratsa tsakar gidan ba. Ta buɗe ƙofa kaɗan, ta tsaya a bakin, rabin jikinta a ciki.

Layin ya cika. 'Yan sa kai da sheburansu, mata a bakin ƙofofi, da mutanen kansila mai ci su uku a gefe, wayoyi a sama, tun safe suke bin su suna jiran dabarar ta watse su samu abin yaɗawa. A gaba Tela ne, tef ɗin awo rataye a wuya kamar kullum, gwangwanin jan fenti a hannu ɗaya, buroshi a ɗaya. Duk Asabar yake rufe shago saboda aikin nan, ranar da ta fi kowace ciniki. Shi ya roƙa a ba shi riƙon fentin.

"Malama, ina ta kira. Lafiya dai?"

"Lafiya. Batir nake nema."

"Na takwas ma babu. Na tara naki ne, mun tsallake. Ki same mu a na goma."

"A'a, a duba!" ɗaya daga mutanen kansila ya yi ihu yana dariya. "Ba ita ta ce ko ɗakin uwarta ba? A shiga mana!"

Tela ya juya gaba ɗaya. Mutum ne da ba a jin muryarsa ko a shagonsa, amma yau har ƙarshen layi an ji shi.

"Kai, rufe mana baki! Ranar da ruwa ya tafi da 'yata kana ina? Maigidanka yana ina? Matar nan ce ta shiga kwata har wuya ta fito min da takalminta ƙafa ɗaya. Yana nan a shagona, cikin aljihun keken ɗinkina. Gidanta za ka ce a bincika? Gidan Inna, da duk wata take takowa da ciwon ƙafa ta gaishe ni? In kana da kunya sauke wayar nan."

Jama'a suka ɗau sowa. Mutumin ya sauke wayar yana ƙunƙuni.

Tela ya juyo ya yi mata ɗan murmushi.

"Yi haƙuri, Malama. Ki gaida Inna. Mu je, jama'a, na goma!"

Suka juya. Shi ke nan, an ba ta abin da Yaya ya roƙa, ba ta ma yi ƙaryar da bakinta ba. Rufe ƙofa kawai ya rage. Hannunta na kan ƙofar. Tana kallon bayan Tela, kafaɗarsa ɗaya ta karkace saboda nauyin gwangwanin, zai je ya ƙwanƙwasa gida goma sha uku da ba su da laifin komai, ya koma shago da yamma hannu wofi.

Taku ɗaya. Biyu. Biyar.

"Tela."

Bai ji ba.

"Tela!"

Ya waiwayo. Layin ya waiwayo tare da shi.

Ta saki ƙofar ta buɗe gaba ɗaya, ta fito fili.

"Ba ni gwangwanin."

"Na'am?"

"Ba ni fentin. A nan ne."

Ba wanda ya yi motsi. Tela ya dawo a hankali, idonsa ya sauka daga fuskarta zuwa zaninta, inda gwiwoyi biyu suka yi shuɗi shar, zuwa tafin hannunta da ta miƙa masa. Wayoyin nan uku suka koma sama.

Daga cikin gida aka ji ƙarar sakata, ƙarau. Sai muryar Inna ta taga, ba kuka a cikinta ko kaɗan:

"Duk mai rushe ɗakin nan ya rushe shi da ni a ciki!"

Malama ba ta juya ba. Hannunta na nan a miƙe.

Amma Tela ba ita yake kallo ba yanzu. Bayanta yake kallo, tsakar gida, inda Inna ta turo Yaya waje kafin ta sa sakatar. Yana tsaye da rigar mai hotonta, cokalin gini a hannu, ɗanyen siminti na ɗiga daga bakin cokalin.

Tela ya mai da gwangwanin bayansa.

"Malama," ya ce, muryarsa ta koma ƙasa yadda aka santa. "Liƙewa kuke yi?"

"Tsaya ka ji..."

"Tun yaushe kuka sani?"